Samarin zakaru biyar sun hana gida sakat: me za a yi da su?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya a Tahoua. Tana da kaji mata 12 da tsohon zakara ɗaya a tsakar gida. Ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe mata da damina sun girma, biyar daga cikinsu suka fito maza, yanzu watansu shida. Ta ce tun da suka fara cara gidan bai sake zama lafiya ba: suna faɗa da juna har jini, sun tsige wa kaji biyu gashin baya, ƙwai ya ragu, ɗaya kuma ya fara kai wa jikanta ɗan shekara biyu hari. Tana so ta san ko akwai maganin da ake ba su, ko kuwa ɗaure su za ta yi, ko a dandaƙe su.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Babu ƙwaya ko allurar da ke sanyaya wa zakara zuciya, duk wanda ya sayar miki da wani gari da sunan maganin faɗa, kuɗinki kawai ya ci. Abin da ke damun gidanki lissafi ne. Zakara ɗaya lafiyayye yana isar kaji takwas zuwa 12. Ke kuma kina da shida a kan 12, kowane zakara kaji biyu ke nan, a tsakar gidan da katanga ta kewaye, wanda aka kora ba shi da inda za shi. Ga shi kuma biyar ɗin suna cikin tashen balaga. Tsakanin wata huɗu zuwa bakwai ne ƙwayayen zakara ke girma, sinadarin namiji ya cika masa jini, zanko da leɓatu su yi jajir, ya fara cara, ya fara neman taka kaza. Daga nan har ya cika shekara shi ne lokacin da ya fi rashin kan gado: ga ƙarfi, ga sha'awa, ba dabara. Da yawansu suna natsuwa bayan shekara, amma kajinki mata ba za su iya jiran wata shida a cikin wannan hali ba.

Abubuwa uku kika haɗa a tambayarki, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Zan fara da na jikan, domin shi ne ba ya jira.

Yaro ɗan shekara biyu idonsa yana daidai inda zakara ke kaiwa in ya yi tsalle. Zakara yana duka da ƙafafu biyu a lokaci guda, ya haɗa da baki. A wata shida ƙaiminsa bai wuce ɗan tsiro ba, amma farcensa da bakinsa sun isa su tsaga fatar ido. Wanda ya riga ya kai wa ƙaramin yaro hari, yau ɗin nan a kife shi da kwando ko a sa shi a keji, kada ya sake haɗa fili da yaron. Ra'ayina a fili yake: a gidan da ke da mai rarrafe ko mai koyon tafiya, irin wannan zakara ba a ba shi dama ta biyu. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Akwai kuma wani dalili bayan tsaron yaro. Zafin rai yana bin jini a kaji, in kika bar shi ya zama uban garke, baɗi za ki samu ƴaƴansa masu irin halinsa. In ya taɓa ji wa yaron rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na ƴan mintoci, a duba katin rigakafinsa saboda tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, domin farcen kaza kullum cikin ƙasa da kashi yake. Raunin da ya yi zurfi, ko na fuska, ko kusa da ido, likita za a kai shi nan take, ba a jira a ga ko zai kumbura.

In manya kawai zakara ke yi wa barazana, kuma kina son shi don girmansa ko kyan jikinsa, ana iya gwada shi na sati biyu zuwa uku. Zakara ba ya kai hari ba sanarwa. Zai juyo miki da gefensa, ya sauke fiffike ɗaya har ƙasa, ya riƙa matsowa a karkace. Ko ya yi ta tsintar ƙasa kamar mai kiwo, alhali ido ɗaya yana kanki. Gashin wuya ya tashi, kai ya yi ƙasa, to saura tsalle. Mafi yawan lokaci kuma sai kin juya baya yake zuwa. In kin ga haka kada ki gudu, kada kuma ki harbe shi da ƙafa. Gudu yana koya masa cewa ya yi nasara. Harbi kuwa, a wurinsa kin karɓi faɗan ne, gobe zai dawo da shirinsa, ban da haɗarin karya masa ƙirji ko ƙafa. Ki fuskance shi, ki taka zuwa gare shi a natse har shi ya kauce. Ki riƙe faifai ko murfin roba tsakaninku don kare ƙafarki. In kin iya kama shi, ki manne fikafikansa da jikinsa, ki saƙale shi a hammata, ki ci gaba da aikinki da shi na minti goma zuwa 15, sai ya daina fizge-fizge ki sauke shi. Kullum za a yi, kuma duk manyan gidan su yi abu iri ɗaya, don zakara yana bambance mutane: yana iya shakkar maigida ya raina mai zuba dusa. Wannan dabara tana ci a kan wasu, ba ta ci a kan wasu. In sati uku sun wuce bai canza ba, ba zai canza ba.

Abu biyu suna jawo wannan hali ba a sani ba. Ɗan tsakon da aka yi rainonsa a hannu, ana ɗauka ana ba shi abinci a tafi, shi ne ya fi zama mai kai wa mutane hari in ya balaga, saboda shakkar mutum ta fita daga ransa. Sai kuma yara masu bin kaji da gudu. Da kaza ta yi kuwwa, zakara zai taso kare ta, aikinsa ke nan, daga ranar kuma ya ɗauki yaro abokin gaba.

Na biyu shi ne abin da suke yi wa kaji mata, kuma nan ne asararki take. Babban zakara mai hankali yana kiran kaza ga abinci, ya zagaya ta da fiffike a ƙasa, sai ta durƙusa da kanta sannan ya hau. Saurayi bai san wannan ba. Bin ta zai yi da gudu, ya damƙi gashin ƙeyarta, ya hau ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Kafin ya sauka na biyu ya iso, na uku na biye. Kazar da ta fi saurin durƙusawa ita ta fi shan wahala, shi ya sa kika ga biyu ne kawai bayansu ya zama fili. Sauran kuma suna wuni a kan katanga ko bayan randa, ba ci ba sha yadda ya kamata, daga nan ƙwai ya ragu.

Yau da dare, bayan sun kwanta, ki ɗauki tocila ki kama kajin nan biyu. Kada ki tsaya ga bayan da ake gani. Ki ɗaga kowane fiffike ki duba gefen jiki, wajen saman cinya. Nan ne ƙafar zakara ke zamewa ta yage fata, fiffike ya rufe wurin, ba a sani ba sai ya fara wari ko ƙuda sun yi masa tsutsa. In kin samu rauni, ki tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri kamar giram tara, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, ki bari ya huce, ki wanke wurin da tsumma mai tsabta. Ki rage gashin da ke manne wa raunin da almakashi, ki shafa Bétadine mai ruwan ɗorawa, ko ki fesa shuɗin maganin rauni da ake samu a shagunan maganin dabbobi. Shuɗin yana da amfani biyu, domin yana ɓoye jan jini. Kaji in suka ga ja sai sun tsattsage shi, ƙaramin rauni ya zama rami kafin la'asar. Saboda haka mai rauni a ware ta a inuwa da ruwanta da abincinta har wurin ya bushe, kamar sati ɗaya zuwa kwana goma. Baƙin man mota, da garin cikin batir, da kananzir, duk kada a sa. Suna ƙona nama, kazar kuma tana tsattsagar wurin su shiga jikinta da ƙwanta. In fatar ta yage ta buɗe har ana ganin tsoka da faɗi, ki kai ta wurin ma'aikatan kiwo a ɗinke. Gashin da aka tsige daga tushe yana dawowa cikin sati huɗu zuwa shida. Wanda ya karye ya bar kututture kuwa sai lokacin da ta zubar da gashi ta sake sabo, don haka kada ki damu in kin ga ya jima.

Wasu suna ɗinka wa kaza ƴar riga ta baya mai igiyar roba a fikafikai. Tana karewa, amma a zafin Tahoua na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ƙarin wahala ce, ƙwarƙwata kuma tana son ƙarƙashinta. Cire samarin ya fi rigar sauƙi.

Ba ki faɗi irin zakarun ba. In jinin Brahma ne ko maja, wato manyan kaji masu nauyi, kajin kuma ƙananan kajin gida ne, nauyi kaɗai ya isa ya ji musu ciwo ko da zakaran ba mugu ba ne. Irin wannan babban zakara da manyan kaji ya dace.

Na uku, faɗansu da juna. Wani ɓangarensa dole ne, da shi suke sanin wane ne gaba da wani. Faɗan da ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, ɗaya ya sunkuya ya gudu, mai nasara ya yi cara ya ƙyale shi, wannan a bar su. In ana raba su kullum, kullum sai sun sake daga farko. Wanda ake shiga tsakani shi ne in jini ya fito, ko ana neman ido, ko an kori ɗaya ya cusa kansa a lungu ana ta saran ƙeyarsa, ko an hana shi abinci da ruwa har ƙashin ƙirjinsa ya fito. Kada ki sa hannu tsirara tsakanin zakaru biyu masu faɗa. Ki watsa musu ruwa, ko ki jefa wa ɗaya zane ko buhu, ki ɗauke shi a ciki. Zanko yana zubar da jini da yawa har ya ba da tsoro, amma in aka danne shi da tsumma na minti biyu zuwa uku, ko aka barbaɗa masa garin masara ko na rogo, yakan tsaya.

To, yanzu aikin da kansa. Zakara ɗaya za ki bari. Biyu sai in kajin suna fita kiwo waje da rana, ko filin yana da girman da kowane zai ja nasa kajin gefe.

Wanne za a bari? In tsohon bai wuce shekara uku ba, kuma ba ya taɓa mutane, shi ya fi cancanta. Ya san aiki, kajin sun saba da shi. Bayan shekara uku ƙarfin barbararsa yana raguwa, za ki fara ganin ƙwai da yawa ba sa ƙyanƙyashewa. Sai dai ki tuna, in shi ne uban sagarun da ke tasowa, ko kuma kika bar ɗaya daga cikin samarin, uba zai riƙa taka ƴarsa, ko ɗa ya taka uwarsa da ƴan'uwansa. Sau ɗaya ba ya kashe garke, amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ƴan tsaki suna ƙanƙancewa, ƙyanƙyasa ta ragu, mutuwa ta yi yawa. Shi ya sa musanya zakara da wani gida duk shekara ɗaya ko biyu dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin ko dala.

In daga cikin samarin za ki zaɓa, kada ki ɗauki wanda ya fi cin faɗa don kawai ya fi ci. Ki watsa ɗan hatsi ki koma gefe ki zauna. Wanda ya tsinci ƙwaya ya ajiye, yana ƙyaf-ƙyaf yana kiran kaji su zo su ci, shi ne mai alamar zama uban garke. Ki lura da wanda ke ɗaga kai yana gargaɗi in shirwa ta gitta, da wanda ke ba ki hanya in kin nufo shi. Sannan jiki: ƙafafu miƙaƙƙu, yatsu ba su karkace ba, ƙirji mai faɗi, zanko ja, ido garau, numfashi ba ƙara. Amma akwai wani tarko a nan. Na ƙasa yana ɓoye halinsa muddin na sama yana nan, mai kama da salihi yana iya zama azzalumi ranar da fili ya zama nasa. Don haka ki ware biyu da suka fi kwanta miki, ki sa kowane a kejinsa, ki saki ɗaya shi kaɗai da kajin na kwana biyu ko uku, sannan ki gwada ɗayan. A nan za ki ga gaskiyar kowanne.

Sauran kuma turka su za ki yi, ki mai da matsalar kuɗi. Ki keɓe musu wuri a inuwa, da darni ko ragar waya, a kewaye da zana ta yadda ba za su ga kaji mata ba. Wannan shi ne sirrin: in ba mace a gabansu, mafi yawan faɗan yana mutuwa cikin ƴan kwanaki. In suna hango su ta raga kuwa, aikin banza ne. Kowane zakara a ba shi aƙalla murabba'in mita ɗaya, zakaru huɗun da suka rage bayan an cire mai kai wa yaro hari, mita biyu tsawo, biyu faɗi ke nan. A zuba su gaba ɗaya a dare guda, kada wani ya riga shiga ya ɗauki wurin nasa. A sa mazubin abinci biyu da na ruwa biyu a kusurwoyi daban, don babba ba zai iya tsare duka ba. A gitta sandar kwana mai ba kowane santimita 25, a jingina wani guntun zana a tsakiya inda wanda aka kora zai ɓuya, amma mai ƙofa biyu, kada ya zama lungun da za a ritsa shi. Kada a bar musu fitila da dare, haske mai tsawo yana ƙara musu zafin kai. Kuma wanda aka fitar ya kwana uku ko huɗu a waje, in ya dawo baƙo ne a wurinsu, faɗa sabo.

Hatsi zalla ba ya turka zakara da sauri, sinadarin gina jikin da ke cikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 11 cikin 100 ba, ƙarancinsa ma yana sa kaji cin gashin juna. Ga haɗin kilo goma: ɓarzajjen hatsi ko dawa ko masara kilo shida da rabi, dusa kilo biyu, garin ƙuli-ƙuli kilo ɗaya, garin busasshen kifi rabin kilo. Sai gishiri giram 30, da garin ƙonannen ƙashi kamar giram 100. Wannan yana ba da kusan kashi 16 cikin 100. In ƙuli-ƙulin mai gishiri ne, kada a ƙara wani gishirin, wanda kuma ya yi funfuna a zubar, gubarsa tana lalata hanta. Kowane zakara yana cin giram 80 zuwa 100 a rana, kilo goman nan zai kai zakaru huɗu kusan sati huɗu, kuma sati uku zuwa huɗu ya isa turka. Bayan haka abincin da suke ci ya fi naman da suke ƙarawa. Ruwa kada ya yanke, kowane yana shan kusan rubu'in lita, da bazara har ninki biyu. A rataya musu ganyen zogale ko ragowar salad su yi ta fizga, a ajiye tsohon kwano da yashi da toka don wanka. In azumi ko salla ko ƙarshen shekara na kusa, ki daidaita turkar da lokacin, kaji sun fi daraja. Wanda aka yi wa allura ko aka ba maganin ƙwayoyin cuta, a cika kwanakin jiran da ke rubuce a jikin maganin kafin a yanka.

Ki kuma leƙa akurkin da tocila da dare, ki duba tsagogin bango. Kaskar kaji tana ɓuya a nan da rana ta fito shan jini da dare, kazar da ba ta samu barci ba kuwa ba ta da haƙuri da ƴar'uwarta.

Ɗauri da kika tambaya, na wuni ɗaya ne kafin a gyara keji. In za a yi, da tsumma mai faɗi, ba da zaren leda ba, domin yana yanka ƙafa ya hana jini gudu. Ɗaurarren zakara kuma ba ya iya gudu in sauran suka taru a kansa, inuwa ma tana barinsa in rana ta juya. Dandaƙa kuwa a zakara tiyata ce, ƙwayayensa a cikin ciki suke, manne da ƙashin baya kusa da manyan jijiyoyin jini, sai an tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe ake kai musu. Masu yi suna yi ne tun zakara yana ƙarami, kafin ya balaga. A wata shida ƙwayayen sun girma, jini ya yawaita a wurin, haɗarin mutuwa ya fi ribar. Na gidanki sun wuce lokacin.

Abin da za ki iya yi wa wanda kika bari shi ne gyaran farce da ƙaimi. Mutum ɗaya ya naɗe shi a zane ya riƙe, ɗaya ya goge tsinin farcen da magogin ƙarfe har ya dakushe. Ƙaimi in ya yi tsawo nan gaba, kan kawai ake ragewa, milimita kaɗan, domin akwai jijiya mai jini a cikinsa. Ba a tumɓuke shi, ba a kuma yanke baki.

In kin zaɓi kawo sabon zakara daga kasuwa ko wani gida, kada ki sake shi cikin kajinki ranar da ya zo. Lokacin ɗari da iskar hunturu ne cutar Niyukasal ke share kaji gida-gida, kuma sau da yawa baƙon zakara ne ke shigo da ita. Ki killace shi nesa da su sati uku, ki sa a yi masa rigakafi tare da sauran kajin. Allurar rigakafin wannan cuta mai suna ITA-NEW rabin mililita ce ga kowace kaza, kuma sai bayan kamar sati biyu take fara karewa. Bayan killacewar, ya yi sati ɗaya a keji inda za su ga juna ba su taɓa juna, sannan a sa shi a akurki da dare. In ƴaƴansa kike so, ki bari sati uku su wuce bayan fitar tsohon kafin ki tara ƙwan kwanci, domin kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta sati biyu har zuwa uku.

Wannan matsala za ta dawo duk shekara, tunda kusan rabin kowace ƙyanƙyasa maza ne. A sati takwas zuwa goma ana gane su: zankonsu ya riga na matan girma da ja, ƙafafunsu sun fi kauri. A wata uku ki raba su da matan tun kafin su san abin da ake ciki, sun taso tare ba za su yi faɗa mai tsanani ba, a wata huɗu zuwa biyar kuma ki fara sayarwa ko yankawa, ki fara da wanda ya riga sauran yin cara.